Yadda Za A Kula Da Tsofaffin Kabul Na Ƙarƙashin Ƙasa A Yamai Ba Tare Da Ɓarnar Kuɗi Ba

Mafi yawan wutar lantarkin da ke shiga unguwannin Yamai tana bin wayoyin da ke bisa turaku ne, amma a tsakiyar birni da mafitar manyan tashoshi akwai layukan kilobolt 20 da aka binne a ƙasa, kuma su ne ke ɗauke da wutar ma'aikatu, asibitoci, bankuna da kasuwanni. Kabul ɗin da aka binne ba ya nuna tsufansa kamar yadda turke ke nuna tsatsa, shi ya sa aka saba da ɗaya daga cikin hanyoyi biyu: ko a bar shi sai ya fashe a bazama neman inda ya lalace, ko a yanke shawarar tone shi gaba ɗaya saboda shekarunsa sun yi yawa. Duka biyun suna cin kuɗi fiye da kima. Abin da ya kamata ya yanke wa kabul hukunci shi ne halin da yake ciki, ba shekarar da aka binne shi ba, kuma ana iya sanin wannan hali da kayan aiki kaɗan idan aka bi aikin daki-daki, aka fara da abin da ya fi araha.

Kafin komai, wajibi ne mai kula da layi ya san irin kabul ɗin da ke hannunsa. Tsohon samfuri yana da rufin ciki na takarda da aka jiƙa da mai, an kuma lulluɓe shi da dalma. Irin wannan yana da juriya sosai muddin dalmar ba ta tsage ba, amma da zarar danshi ya shiga takardar, ko man ya tsiyaye ya bar ta a bushe, to lalacewarsa ta zo. Wanda ya biyo bayansa shi ne mai rufin roba da ake kira XLPE, wanda zuciyarsa, wato wayar tsakiya mai ɗauke da wuta, ta alminiyam ko ta jan ƙarfe, za ta iya aiki har zuwa zafin digiri 90. Cutarsa ita ce wasu ƙananan jijiyoyin ruwa da ke tsirowa a cikin robar idan danshi da ƙarfin wuta suka haɗu shekara da shekaru, suna yaɗuwa a hankali har su raunana rufin. An gano wannan matsala tun ƙarshen shekarun 1960, kuma ta fi kama kabul na zamanin farko, wanda aka ƙera kafin masana'antu su koyi toshe hanyar ruwa a cikinsa. Tun da cututtukan biyu daban suke, gwajinsu da maganinsu ma daban ne.

Taswira da littafin tarihi

Aikin farko ba ya bukatar sayen na'ura ko ɗaya. A buɗe wa kowane yanki na kabul, wato daga wannan ɗakin taransifoma zuwa wancan, shafinsa na kansa, a rubuta shekarar da aka binne shi, irinsa, kaurinsa, tsawonsa, zurfinsa, adadin mahaɗan da ke jikinsa, wato inda aka haɗa guntun kabul da wani, da wurin da kowace take. Duk lokacin da aka tona rami domin gyara, kada a mayar da ƙasa sai an ɗauki hoto, an ɗauki wurin da GPS, an kuma auna nisansa daga wani abu da ba ya gusawa. Bangon gida ba abin dogaro ba ne a birnin da ake faɗaɗa hanyoyi ana rushe shaguna. Ya kamata kuma a zauna da tsofaffin ma'aikata tun kafin su yi ritaya, a bi titi da su a ƙafa, domin sau da yawa hanyar da kabul ya bi tana cikin kansu ne, ba a cikin takardar ofis ba.

Kowace lalacewa a rubuta dalilinta na gaskiya. Rubuta cewa kabul ya ƙone bai isa ba. Ana so a san ko jikin kabul ne, ko mahaɗa, ko kan kabul a cikin akwatin makunni, ko kuwa diga ce ta sare shi. A yanko guntun da ya lalace a kawo shi ofis a fede shi, a ga ko akwai ruwa a zuciyarsa, ko garkuwar ƙarfen da ke kewaye da rufin ciki ta ci, ko an yi kuskure wajen fere robar. Bayan shekara biyu ko uku ana wannan, littafin da kansa zai nuna layukan da ke cinye kuɗin gyara, kuma galibi ba su da yawa.

Zafin ƙasa, wanda aka fi mantawa da shi

A nan ne nake ganin Yamai ta bambanta da ƙasashen da ake ƙera kabul, kuma a nan ne ake asarar shekarun kabul ba tare da an sani ba. Jadawalin da ke nuna yawan amper da kabul zai iya ɗauka an gina shi ne bisa wasu sharuɗɗa. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60502-2, wadda ta shafi kabul na kilobolt 6 zuwa 30, an ɗauka cewa zafin ƙasa digiri 20 ne, zurfin rami santimita 80, ƙasar kuma tana da ma'aunin riƙe zafi na 1.5, lambar da ke ƙaruwa gwargwadon yadda ƙasa ke hana zafi fita. Yamai kuwa birni ne da matsakaicin zafin iskarsa na shekara ya kusa digiri 30, a watannin Afirilu da Mayu kuma rana takan wuce 40, a daidai lokacin da kowane gida ke kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a daidai lokacin kuma da yashi ya bushe ƙarau bayan wata shida ko bakwai babu ruwan sama. Busasshen yashi ba ya sakin zafi. Ma'auninsa yakan kai 2.5 ko ma 3. Idan aka auna ƙasa aka sami digiri 35, wannan kaɗai yana rage ƙarfin kabul na XLPE zuwa kashi 89 cikin ɗari, idan kuma aka haɗa da busasshen yashi mai ma'aunin 2.5, abin da ya rage bai wuce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da jadawali ya faɗa ba. Ma'ana, kabul ɗin da takarda ta ce yana ɗaukar amper 400 yana iya fara gasuwa tun bai kai 300 ba.

Abin da ya ƙara muni shi ne cewa kabul mai zafi yana korar ɗan danshin da ya rage a kewayensa, ƙasar ta ƙara bushewa, shi kuma ya ƙara zafi. Masana sun daɗe da ƙiyasta cewa ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan zafin da aka ƙayyade yana raba rayuwar rufin ciki biyu. Saboda haka a binne ma'aunin zafi a zurfin kabul a wurare kaɗan, musamman a bakin tashoshi irin su Goudel da Gorou Banda inda layuka da yawa ke fita ta rami ɗaya suna dumama juna, da kuma inda kabul ya ratsa ƙarƙashin kwalta a cikin bututu. A riƙa karanta amper na kowane layi da rana tsaka da kuma farkon dare a lokacin bazara, a sake lissafin iyakarsa da ƙa'idar IEC 60287 bisa zafin da aka auna. Idan layi ya wuce iyaka, sau da yawa magani shi ne a matsar da wurin da aka buɗe zoben layin, wato makunnin da aka bari a buɗe tsakaninsa da layin maƙwabta, a mayar da taransifoma ɗaya ko biyu kan layin maƙwabta. Wannan aikin makunni ne na sa'a guda, ba ya cin ko mita ɗaya na sabon kabul.

Ɗauke wuta bi da bi ma yana da nasa tasiri. Lokacin da Najeriya ta katse layin kilobolt 132 da ke zuwa daga Birnin Kebbi a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, an ga yadda ake kashe layuka ana kunnawa sau da yawa a rana. Duk kunnawa tana zuwa da nauyi mai yawa a lokaci ɗaya, domin kowace na'ura a unguwa tana tashi tare, sannan dumama da hucewa suna sa ƙarfe ya miƙe ya tsuke a cikin mahaɗa har ta saki. Idan dole ne a raba wuta, ya fi kyau a rage yawan kashewa da kunnawa a kan layukan da aka san tsofaffi ne, a mayar musu da nauyi kashi-kashi.

Diga, gara da ruwa

Kabul da yawa ba tsufa ke kashe su ba, masu haƙa ne. Mai shimfiɗa bututun ruwa, mai jan zaren intanet, mai gina magudanar ruwa, duk a gefen titi ɗaya suke tona. Wani lokaci diga ba ta kaiwa zuciyar kabul, sai dai ta yage rigar waje, leburan ya mayar da ƙasa ya yi shiru, lalacewar kuma ba za ta bayyana ba sai bayan damina ɗaya ko biyu. Maganin wannan yarjejeniya ce da ma'aikatar magajin gari da sauran kamfanoni, cewa ba za a ba da izinin haƙa ba sai an nemi taswirar kabul, a kuma tura ma'aikaci ya tsaya a wurin ranar da za a fara. A sanar da ƴan kwangila cewa wanda ya ji wa kabul rauni ya faɗa nan take ba za a tsananta masa ba, domin ɗinke riga a ranar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyaran fashewa. Duk ramin da aka buɗe kuma a mayar masa da shimfiɗar yashi mai laushi marar tsakuwa, da jar ragar gargaɗi kimanin santimita 20 zuwa 30 a saman kabul.

Gara tana cin rigar kabul, musamman mai taushi, don haka kada a bar guntayen katako ko saiwar itace a cikin rami. Ruwa kuwa ya fi shafar unguwannin bakin kogin Isa. A ambaliyar 2020, lokacin da kogin ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, unguwanni irin su Lamordé, Karadjé, Kirkissoye da Saga sun kwana cikin ruwa, kuma duk kabul ɗin da ya yi makonni a jiƙe da yagaggiyar riga ya cancanci a sa shi a sahun farko na gwaji. Haka ma wanda ya bi kwarin Gounti Yéna, inda ruwan sama ke kwashe ƙasa ya bar kabul a fili. A zagaya waɗannan wurare da ƙafa bayan kowane babban ruwa.

Gwaji, daga mai araha zuwa mai tsada

Gwajin da ya fi kowane araha shi ne na ido da na kyamarar zafi. A shiga ɗakin taransifoma lokacin da nauyi ya yi yawa, a duba kan kabul: layi yana da zaruruwa uku, kuma idan kan ɗaya daga cikin ukun ya fi sauran zafi, to mai yiwuwa akwai ƙusar da ta saki. Ƙurar hunturu da ta taru a kan kabul, idan ta haɗu da danshin farkon damina, tana buɗe wa wuta hanya ta bi saman roba, don haka a share su kafin watan Yuni. Wari mai kama da na ƙonewa, ƙarar tsartsatsi, ko farin gari a jikin roba, duk alamu ne da ba a jinkirta su.

Na biyu shi ne gwajin rigar waje. Ana cire haɗin garkuwar ƙarfe da ƙasa a kowane ɓangare, a sa mata wuta mai tafiya ɗaya, wato DC, ta ƴan kilobolt, a tsohon kabul kada a wuce 5, a ga ko tana zuba cikin ƙasa. Idan tana zuba, riga ta yage, kuma ana iya gano wurin ta hanyar bin layin da sanduna biyu masu auna wuta a ƙasa. A ganina babu gwajin da ya kai wannan riba, domin yana kama ɓarna shekaru kafin ta zama ɗaukewar wuta.

Na uku shi ne gwajin rufin ciki, kuma a nan akwai gargaɗi. Tsohuwar al'adar sa wa kabul babbar wuta mai tafiya ɗaya ta dace da kabul na takarda, amma tana cutar da tsohon XLPE, domin tana barin caji a maƙale cikin robar, sai kabul ya ci gwaji yau ya fashe bayan an mayar da shi aiki. Abin da ya dace shi ne na'ura mai ba da wuta mai juyawa a hankali, sau ɗaya cikin daƙiƙa goma, wato 0.1 Hz, wadda girmanta bai fi a ɗora ta a bayan mota ba. Da ita ake auna abin da ake kira tan delta, wanda ke nuna yawan wutar da rufin ke sha. A kabul na kilobolt 20, ƙarfin da ke tsakanin zuciya da ƙasa kusan kilobolt 12 ne, kuma ana aunawa a rabin wannan, a daidai shi, da kuma ninki ɗaya da rabi. Jagorar injiniyoyin lantarki ta IEEE 400.2, bugun 2013, ta nuna cewa a kabul na roba, sakamakon da bai kai 4 cikin dubu ba lafiya ne, daga 4 zuwa 50 yana son ƙarin bincike, abin da ya haura 50 kuma yana bukatar mataki. Amma lamba ɗaya ba ta kai muhimmancin kwatanci ba: a gwada zaruruwa ukun da juna, a gwada na bana da na shekarun baya, a kuma lura ko lambar tana hawa yayin da ake ƙara ƙarfi. Kada a yi wannan gwaji a kan layi mai rauni sai an tanadi mahaɗa da masu gyara a kusa, kuma a yi shi a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da layin maƙwabta zai iya ɗaukar nauyin.

Tan delta yana faɗin lafiyar kabul gaba ɗaya ne, ba ya nuna wuri. Mai nuna wuri shi ne awon ƙananan tartsatsin da ke faruwa a cikin rufi ko mahaɗa. Na'urarsa tana da tsada kuma karanta sakamakonta yana son gwaninta, saboda haka ya fi dacewa a keɓe ta ga layukan asibiti, tashar tace ruwa da filin jirgin sama, ko a ɗauko masu ita na ƴan makonni a shekara.

Idan ya riga ya fashe

Kafin hannu ya taɓa kabul, sai an raba shi da wuta ta kowane ɓangare, an kulle makunni da kwaɗo, an tabbatar da cewa shi ne layin da ake nufi, an gwada babu wuta, an kuma haɗa shi da ƙasa. A cikin rami, inda kabul biyu ko uku ke kwance kusa da juna, ba a yanka sai an soke shi da na'urar suka daga nesa. Babu gaggawar da ta kai ran ma'aikaci.

Wajen neman wurin da ya lalace, a fara da na'urar da ke aika bugu cikin kabul tana auna lokacin dawowarsa. A XLPE, kowane kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana daidai da kimanin mita 80 zuwa 85 na nisa, don haka bugun da ya dawo bayan irin wannan kashi goma yana nuna wuri mai nisan mita 800 zuwa 850. Sai an san wannan ne za a kunna na'urar da ke harba babbar wuta domin a ji ƙarar a ƙasa, kuma a yi harbin da mafi ƙarancin ƙarfi, na ɗan lokaci kaɗan. Barin ta tana harbi na sa'o'i yayin da ma'aikata ke yawo suna saurare yana raunana sauran kabul ɗin, ya shuka fashewar wata mai zuwa. Ƙananan na'urorin da ake liƙawa a ɗakunan taransifoma, masu kunna fitila idan wutar lalacewa ta ratsa ta wurin, suna hana a yi ta kunna layi a kan lalacewa domin a gano yankin da abin yake.

Mahaɗa ita ce inda aikin hannu ke shiga, kuma ita ce ta fi yawan kawo matsala a layin da ba a sare shi ba. Ƙwayar yashi ɗaya, ko ɗan zanen wuƙa a jikin roba, ya isa ya kashe ta cikin shekara biyu. A kafa rumfa a kan rami, a shimfiɗa leda, a fere roba da kayan ferewa na musamman maimakon wuƙa, a bi ma'aunin da ke cikin takardar mahaɗar har zuwa milimita, kuma kada a yi haɗi cikin iska mai ƙura idan ana iya jira. A rubuta sunan wanda ya yi kowace mahaɗa, domin a san wanda ke bukatar ƙarin horo. Kuɗin horar da masu haɗi goma bai kai na sauya kilomita ɗaya ta kabul ba, kuma a ra'ayina babu inda sefa ɗaya ke yin aiki kamar nan.

Gyara, farfaɗowa ko sauyawa

Da littafi da sakamakon gwaji a hannu, sai a auna kowane yanki da tambayoyi biyu: yaya kusancinsa da lalacewa, kuma wa zai shiga duhu idan ya lalace. Wanda tan delta ɗinsa ke da kyau amma mahaɗa ɗaya ke tartsatsi, mahaɗar kawai za a sauya. Wanda lalacewarsa ta taru a mita ɗari, a sauya mita ɗarin. Wanda zaruruwansa uku suka nuna tsufa daga farko har ƙarshe, ko ya tara mahaɗai har kowane sabon gyara yana haifar da wani, shi ne ya cancanci sabon kabul, kuma a fara da wanda ba shi da layin da zai karɓe shi.

Akwai hanya ta tsakiya da kamfanonin Amurka suka fara amfani da ita tun ƙarshen shekarun 1980, wato ɗura ruwan silikon ta tsakanin siraran wayoyin da suka haɗa zuciyar kabul domin ya cike jijiyoyin ruwan nan. Tana aiki ne kawai a XLPE da zuciyarsa ba a toshe take ba, garkuwarsa kuma ba ta ci ba, sannan kawo masu yin ta daga waje ba ya biyan kuɗinsa sai an tara musu kilomita masu yawa a tafiya ɗaya.

Idan za a sauya, a haɗa aikin da lokacin da ake gyaran titin, domin haƙa da mayar da kwalta suna cin babban kaso na kuɗin. A sa bututun ajiya a duk inda aka ratsa hanya, a zaɓi kauri bisa zafin ƙasar da aka auna, a sayi kabul mai toshiyar ruwa, kada kuma a lanƙwasa shi fiye da yadda mai ƙera shi ya ƙayyade, wanda ga mai zuciya ɗaya yakan kama ninki 15 zuwa 20 na kaurinsa. Kafin a karɓi aiki daga ɗan kwangila a yi gwajin riga da na 0.1 Hz, a ajiye sakamakon a matsayin shafin farko na tarihin kabul ɗin. Ragowar da ke kan ganga a ma'ajiya kuma a toshe bakinta da murfin roba a kuma sa ta a inuwa, domin gangar da ta yi damina ɗaya da baki a buɗe ta riga ta sha ruwa tun kafin a kai ta rami.